Rangwamen saye da yawa: wa ke cin ribar?

Ka taɓa sayen kwandon tumatir don ya fi na kashi-kashi araha, bayan kwana huɗu ka tarar na ƙasa ya ruɓe? To, mu yi lissafi. A ce mai kaya ya rage maka kashi 20 cikin 100 don ka kwashe duka. Idan rubu'in tumatirin ya lalace kafin a kai ga miya, ka biya naira 80 ke nan a kan abin da za ka samu naira 75 da ka saya kaɗan-kaɗan. Sai abin da zai lalace bai kai yawan ragin ba sannan ka ci riba.

Shi kuwa mai sayarwa ya rabu da kayansa da wuri, ruɓewar ta koma gidanka. Shi ya sa sarin shinkafa ko sabulu ke da amfani, amma kayan miya, a gidan da babu firji ko tsayayyar wuta, sai an yi hattara.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda rangwamen ke tsallakewa. Mai kuɗin buhu da wurin ajiya shi ke samun sauƙi. Mai awon mudu kullum, wanda ya fi kowa buƙatar ragin, shi ke saye da tsada.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Birtaniya, kantunan Sainsbury's sun daina tallan "sayi ɗaya, a ƙara maka ɗaya" a 2016, suka koma rage farashin kowane guda, saboda masu saye na kukan ana sa su kwasar abin da ƙarshensa bola.