BABI NA UKU: CIRE GASHIN JIKI DA NA FUSKA A ƘASAR KUNCI, DAGA ASKA ZUWA HASKEN LEZA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan yadda ake kawar da gashin da ba a so a jiki da fuska. Za a fara da duba matsayin gashi a wurin mutanen Kunci da hanyoyin da suka gada na cire shi, sannan a kawo sabuwar hanyar da ake amfani da hasken leza. Kunci gari ne da ke arewacin Jihar Kano, kusa da Bici da Tsanyawa. Da sunansa aka san ƙaramar hukumar da yake ciki, kafin a sauya mata suna zuwa Ghari a 2024. Mafi yawan mutanen wannan yanki Hausawa ne da Fulani, Musulmi, manoma. Manufar babin ita ce nuna cewa leza tana bin baƙin launi ne wajen aikinta, saboda haka amfaninta ga mai baƙar fata ya rataya ne a kan irin na'urar da ƙwarewar mai riƙe da ita, da kuma sanin dalilin fitowar gashin tun farko.

3.1 Matsayin Gashi a Wurin Mutanen Kunci

Idan aka lura, za a ga Bahaushe ya kasa gashin jikinsa gida uku. Na farko shi ne gashin da ake tattali, wato gashin kan mace da gemun namiji da saje da gira. Gemu alama ce ta kamala da dattako, kuma sunna ce barinsa. Na biyu shi ne wanda addini ya yi umarni a kawar. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa abubuwa biyar na fiɗira, waɗanda suka haɗa da kaciya, da aske gashin mara, da rage gashin baki, da yanke farce, da tsige gashin hammata. A wata ruwaya ta Muslim an iyakance cewa kada a bar su su wuce kwana 40. Na uku shi ne gashin da ya fito a inda ba a saba ganinsa ba, kamar gemu ko gashin ƙirji ga mace. Malaman fiƙihu da dama, ciki har da na mazhabar Malikiyya wadda ake bi a wannan ƙasa, sun yarje wa mace ta cire irin wannan gashi, duk da hanin da ya zo a kan tsige gira.

3.2 Hanyoyin da Aka Saba da Su

Wanzami shi ne mutum na farko da ke taɓa gashin Bahaushe, domin shi ke yi wa jariri askin suna a rana ta bakwai. Daga nan kuma shi ke yi wa maza aski da gyaran fuska a gida ko a kasuwa, da askarsa da yake ajiyewa a cikin zabira. Gashin mara da na hammata kuwa, kowa shi ke yi wa kansa a ɓoye saboda kunya da kiyaye al'aura. A da aska ake sawa, yanzu kuma reza ta maye gurbinta. Samari sun fi zuwa shagon aski, inda ake amfani da injin aski na lantarki.

Mata suna da nasu hanyoyin. Akwai tsiga da hantsaki ko da yatsu. Akwai halawa, wadda ake dafa sukari da ruwa da lemon tsami har ya yi danƙo, a manna a fata a fizge. Wannan al'ada ta fi shahara a Barno da Sudan, daga baya ta shigo cikin gyaran jikin amare a ƙasar Kano tare da dilka. Akwai kuma man cire gashi na kanti, wanda yake narkar da gashin da ke saman fata. Duk waɗannan hanyoyi sun yi tarayya a abu ɗaya, wato ba sa kashe tushen gashi. Wanda aka aske yakan tsiro cikin 'yan kwanaki, wanda aka tsige kuma cikin 'yan makonni.

3.3 Gashin da Ke Zama Matsala

Matsala ta farko ita ce kurajen aski, waɗanda suka fi damun maza baƙar fata. Dalili shi ne gashinsu a nannaɗe yake. Idan reza ta yanke shi daf da fata sai bakinsa ya yi tsini, yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, wurin ya yi ƙurji. Wannan ya fi aukuwa a wuya da ƙarƙashin haɓa. Idan abin ya daɗe yakan bar baƙin tabo, wani lokaci ma tabo mai tudu.

Matsala ta biyu ita ce ta mace mai gemu. A ƙauye, inda kowa ya san kowa, irin wannan mace takan sha tsegumi da zolaya, har abin ya shafi neman aurenta. Sau da yawa gashin alama ce kawai ta wani abu da ke cikin jiki. Babban dalilinsa shi ne lalurar da likitoci ke kira PCOS, wadda take sa sinadarin maza ya yi yawa a jikin mace, kuma takan zo da rikicewar jinin al'ada da ƙiba da jinkirin samun ciki. Kimanin mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa na ɗauke da ita. Haka kuma magungunan sitiroyid na iya haddasa yawan gashi, kuma ana samun su a wasu mayukan bilicin da ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Idan kuwa gashin ya fito farat ɗaya tare da kaurin murya, wajibi ne a hanzarta ganin likita, domin yana iya zama alamar ƙari a cikin jiki.

3.4 Taƙaitaccen Tarihin Leza

Tun kafin leza, likitoci sun nemi hanyar kashe tushen gashi. A 1875 wani likitan ido na Amurka mai suna Charles Michel ya bayyana yadda yake sa siririyar allura mai ɗauke da lantarki ya kashe tushen gashin ido da ya juya ciki yana sukar ido. Har yanzu ana amfani da wannan hanya, sai dai gashi ɗaya-ɗaya take bi, don haka tana cin lokaci.

Ita kuwa leza, Theodore Maiman ne ya fara haɗa na'urarta a Kalifoniya a 1960. A 1983 likitoci biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana cewa idan aka zaɓi tsawon zangon haske da ya dace, aka harba shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, za a iya ƙona abu mai launi a cikin fata ba tare da an ƙona abin da ke kewaye da shi ba. A kan wannan bayani aka gina na'urorin cire gashi, waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da su tsakanin 1995 da 1997.

3.5 Yadda Leza Take Aiki

Leza haske ne mai launi ɗaya tak, wanda aka tattara ƙarfinsa a wuri guda. A cikin gashi akwai sinadarin melanin, wanda shi ke ba shi baƙin launi. Kamar yadda baƙar riga ta fi fara ɗaukar zafin rana, haka melanin yake shanye wannan haske ya mayar da shi zafi, zafin kuma ya gangara ya lalata tushen gashin. Ke nan furfura ba ta jin leza, tunda ba ta da melanin.

Gashi yana da matakai uku: lokacin girma, da lokacin tsayawa, da lokacin hutu wanda a ƙarshensa yake zubewa. Leza ta fi tasiri a kan wanda yake lokacin girma, kuma ba duka gashi ne ke wannan mataki a lokaci guda ba. Wannan ne ya sa ake maimaita aikin, galibi sau 6 zuwa 8, da tazarar mako 4 zuwa 8. Ana buƙatar mutum ya daina tsiga da halawa makonni kafin aikin, ya riƙa askewa kawai, domin idan an tuge gashin babu abin da hasken zai bi ya kai ga tushe. Abin lura a nan shi ne, leza rage gashi take yi na tsawon lokaci, ba kawar da shi baki ɗaya ba. Wanda ya saura yakan fito siriri kuma a hankali.

3.6 Leza da Baƙar Fata

Melanin ɗin da ke cikin gashi shi ne kuma ke cikin fata. Ga Bature mai farar fata da baƙin gashi, hasken yana wucewa kai tsaye zuwa gashin. Ga baƙin mutum kuwa, fatar ma tana shan hasken, don haka tana iya ƙonewa. Likitoci suna amfani da ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya fara fitarwa a 1975, wanda a yau ya kasa fata gida 6. Mafi yawan mutanen ƙasar Hausa, daga wankan tarwaɗa zuwa baƙi, suna rukuni na 5 da na 6.

Na'urorin sun bambanta ta fuskar tsawon zangon haskensu, wanda ake aunawa da nanomita. Ta rubi tana da 694, ta alekzandarit 755, ta dayod kimanin 810, sai Nd:YAG mai 1064. Iya tsawon zangon, iya nisan da hasken yake yi cikin fata, kuma iya ƙarancin shansa da melanin na saman fata yake yi. Saboda haka Nd:YAG ce ta fi aminci ga baƙar fata, matuƙar an haɗa da sanyaya wurin kuma an fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri. Akwai wata na'ura da ake kira IPL wadda wasu ke tallatawa da sunan leza, alhali haske ne mai launuka da yawa, kuma haɗarinta ga baƙar fata ya fi yawa.

Idan aka yi kuskure, abin da ke biyo baya shi ne ƙuna da bororo da baƙin tabo ko farin tabo. A al'ummar da farin tabo a fata yake sa a yi wa mutum zargin kuturta, wannan ba ƙaramar illa ba ce ga budurwa. Hasken yana kuma iya lalata ido, shi ya sa mai aikin da wanda ake yi wa dole su sa tabarau na musamman, kuma ba a kusantar fatar ido da shi. A nan maganar Hausawa ta garin neman gira a rasa ido ta dace da zahirinta.

3.7 Dacewar Leza da Mutanen Kunci

Aikin leza ya fi samuwa a manyan birane kamar Legas da Abuja, domin na'urar tana da tsada, tana buƙatar tsayayyar wutar lantarki da ƙwararren ma'aikaci. Ga mutumin karkara, kuɗin aikin da na mota sau 6 ko 8 nauyi ne babba. Bugu da ƙari, gashin mara da na hammata ba sa buƙatarta, domin reza ta wadatar, ga kuma batun buɗe al'aura ga wani. Haka nan namiji mai kishin gemunsa ba zai so a kashe tushensa ba.

Wurare biyu ne amfaninta ya fito fili. Na farko, mai kurajen askin da suka ƙi jin magani, wanda za a iya taƙaita masa aikin a wuya a bar gemun. Amma kafin nan akwai mataki mai sauƙi, wato ya daina kankare gashin da reza, ya riƙa saisaye shi da almakashi ko inji. Na biyu, mace mai gemu. Ita ma matakin farko shi ne binciken likita, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin idan ba a magance dalilin ba, sabon gashi zai ci gaba da fitowa ko da an yi leza.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa cire gashi tsohon abu ne a wurin mutanen Kunci, wanda addini da al'ada suka shata wa iyaka. An ga kuma cewa leza ta bambanta da aska da halawa domin tana kaiwa ga tushen gashi, amma baƙin launin da take bi yana cikin fatar Bahaushe kamar yadda yake cikin gashinsa. Saboda haka duk mai son yin wannan aiki ya kamata ya san abu uku kafin ya miƙa fuskarsa: dalilin fitowar gashin, da irin na'urar da za a yi masa aiki da ita, da kuma ƙwarewar mai aikin a kan baƙar fata.