Kek Mai Zane a Tukunya

Ba sai da tanderu ake gasa kek ba. Mu a Kiru, tukunya da rairayi sun ishe mu.

Ma'auninmu gwangwanin madara. Mu buga bota 1 da sukari 1 har su yi fari. Mu sa ƙwai 3, fulawa 2, bekin foda ƙaramin cokali 1. Mu raba ƙullun biyu, rabi mu sa masa Bournvita.

Mu shafe kwano da mai. Mu riƙa zubawa a tsakiyarsa, cokalin fari, cokalin ja. Haka zane ke fitowa kamar jikin jakin dawa.

Mu ɗora kwanon bisa rairayi mai zafi cikin tukunya, mu rufe. Wuta kaɗan, minti 40. Kada mu buɗe da wuri, sai ya kwanta, a yi asarar ƙwai. In mun soka tsinke ya fito fes, to, ya gasu.