Yajin Aiki Ba Hutu Ba Ne: Darasin Da Kano Ta Koya A 2012

Da yawa daga cikinmu ɗalibai, da zarar an ce ma'aikata sun shiga yajin aiki, sai murna: an samu hutu. Amma me ke sa malami ya ajiye alli, ma'aikacin jinya ya bar asibiti? Bari mu duba abin da ya faru a 2012, lokacin da wasunmu ke goye, wasu ma ba a haife su ba.

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur. Tallafi shi ne kuɗin da gwamnati ke cikawa don mai ya zo wa jama'a da sauƙi. Nan take lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen naira 141. Gwamnati ta ce kuɗin tallafin ya yi mata nauyi, kuma wasu 'yan tsiraru ne ke wawure shi. Ma'aikata suka ce a kama ɓarayin, kada a ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba.

Duk wanda ke zaune a cikin birni ya san inda tsadar mai ke ƙarewa. Kuɗin mota daga Ƙofar Mata zuwa makaranta ya ƙaru, mai injin niƙa ya ƙara kuɗi, kayan Kasuwar Kurmi su tashi, albashin baba kuwa yana nan yadda yake. Ƙarshenta kuɗin tara ɗinmu ne ke raguwa.

Matasan Kano suka taru a shataletalen Silver Jubilee, har da kwana, kafin 'yan sanda su tarwatsa su. A waɗannan kwanaki ne aka ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu har suka idar da salla. Ranar 9 ga Janairu ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka fara yajin aikin gama-gari. Ofisoshi da bankuna da makarantu suka rufe. A Kano an yi arangama da jami'an tsaro, an rasa rayuka, aka sa dokar hana fita. Ranar 16 ga wata gwamnati ta mayar da lita naira 97, aka dakatar da yajin.

Wa ya yi nasara? Farashi bai koma naira 65 ba, amma bai tsaya a 141 ba. Iyalan da suka rasa 'ya'yansu kuwa babu ragin da zai biya su.

Ba a Nijeriya kaɗai ake irin wannan ba. Makonni kaɗan kafin namu, ranar 30 ga Nuwamban 2011, malamai da ma'aikatan asibiti a Birtaniya sun yi yajin aiki saboda sauye-sauyen da za su sa su biya ƙarin kuɗi kuma su daɗe suna aiki kafin su samu fansho. Dubban makarantu suka rufe a ranar. Da namu ya zo, 'yan Nijeriya mazauna Landan sun fito zanga-zangar goyon baya. NLC kanta mamba ce a ITUC, babbar ƙungiyar ƙwadago ta duniya mai hedikwata a Brussels ta ƙasar Beljiyam. Amfanin wannan zumunci shi ne, idan aka matsa wa ma'aikata a wata ƙasa, takwarorinsu a wasu ƙasashe su ɗaga murya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kano ma tana da nata tarihin a nan. Malam Aminu Kano, haifaffen unguwar Sudawa, malamin makaranta ne, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu ta samo asali daga fafutukar ma'aikatan Chicago ta Amurka a 1886, masu neman a taƙaita aiki zuwa awa 8 a rana. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta mai da ranar hutu a Kano, gwamnatin tarayya ta biyo baya a 1981.

Maganar ba ta ƙare ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sake janye tallafin, kuma bayan yajin aikin watan Yunin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000.

Yajin aiki na ci mana lokaci, domin ranar jarrabawar WAEC da NECO ba ta jiran kowa. Saboda haka idan an sake rufe makaranta, mu haɗu da abokai a zaure mu yi bita, mu nisanci wurin tarzoma. Sannan mu tambayi malamanmu abin da suke nema, mu kuma saurari amsar gwamnati. Nan da 'yan shekaru, wasunmu ne za su riƙe allin, wasunmu kuma za su zauna a kujerar da ake yanke hukuncin.