Kowane aikatau da abokin tafiyarsa: yadda Turanci ke ƙarfafa magana

A Ƙaramar Hukumar Wamakko, wadda wani babban yanki na birnin Sakkwato ya faɗa cikinta, Turanci ne mabuɗin ƙofofi da yawa. A nan mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, jami'ar da aka kafa a 1975. A nan kuma kamfanin siminti na Kalambaina yake. Ɗalibin da ke Arkilla ko Dundaye ko Gumbi ya san cewa sai ya sami kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma ya amsa tambayoyin Turanci a JAMB, kafin ya taka harabar jami'ar da ke kusa da gidansu. Mai neman aiki a kamfani kuwa da Turanci zai rubuta takardarsa. Amma a gida da kasuwa da masallaci, Hausa ko Fulfulde ake yi.

Cikin wuraren da ɗalibanmu ke tuntuɓe akwai wani ɗan ƙaramin wuri da ba a cika ba shi lokaci a aji ba, wato yadda ake ƙarfafa aikatau. Ba manyan kalmomi ne ke kayar da yaro ba. Ƙananan da ya sani tun yana firamare ne, irin su "like", "want", "need" da "know".

Mu ɗauki "like". Bahaushe yana cewa: ina son shinkafa ƙwarai. An koya wa yaro cewa "very" ce ke ƙarfafa magana, don haka sai ya rubuta "I very like rice". Ga mai Turanci wannan jimla ba ta tsaya ba, domin "very" sifa da bayanau take ƙarfafawa, kamar "very tall" da "very quickly", ba ta hawa kan aikatau ita kaɗai. Sai an haɗa ta da "much" ake samun "I like rice very much". Ko nan ma akwai sharaɗi: Turanci ba ya son a raba aikatau da karɓau, saboda haka "I like very much rice" ta karye, ko da yake kalmominta duka daidai ne. Idan mutum yana son ya sa ƙarfin kafin aikatau, sai ya ce "I really like rice". A hirar yau da kullum kuma ana cewa "I like it a lot" ko "I like it so much". Ita "much" ita kaɗai ta fi zama a jimlar korewa da ta tambaya: "I don't like it much" daidai ce, amma "I like it much" baƙuwa ce a kunnen masu harshen.

Tuntuɓe na biyu ya fi wannan illa, domin ma'ana yake juyawa. A Hausa muna cewa abu yana da yawa, muna kuma cewa abu ya yi yawa, kuma kowa ya san na biyun ƙorafi ne. Turanci ma ya raba su: "very much" yawa ne, "too much" wuce gona da iri ne. Wanda ya ce "I like my teacher too much" yana nufin yabo, amma abin da ya faɗa shi ne ƙaunar ta wuce kima har ta zama matsala. Akwai dalilin da ya sa wannan ya kama baki a ƙasar nan. A Turancin buroka, idan aka ce wa mutum "you too much", jinjina ce babba. Yaro yana jin wannan a waƙoƙi da tashar mota, ya ɗauko shi ya sa a takardar jarrabawa, mai gyara kuma ya ja masa jan layi.

A jimlar korewa ma wurin da kalma ta zauna yana sauya zance. "I don't really like it" sassauci ne, wato abin bai cika burge ni ba. "I really don't like it" kuwa ƙi ne mai ƙarfi, kusa da "I don't like it at all", wato ba na so sam.

Daga nan sai ainihin matsalar. Hausa tana da ƙwarai da sosai da matuƙa da ainun, waɗanda ke bin kusan kowane aikatau: na san shi sosai, ina buƙatarsa sosai, na yarda sosai. Turanci kuwa ya fi son kowane aikatau ya zo da nasa. Sanin mutum "very well" yake ɗauka, shi ya sa ake cewa "I know him very well", ba "very much" ba. Buƙata tana tafiya da "badly": "I badly need this job" na nufin ina matuƙar buƙatar aikin, babu wata ma'ana ta muni a ciki. Yarda tana tafiya da "entirely" ko "completely", mantuwa da "completely", nadama da "deeply", godiya a wasiƙar ofis da "greatly appreciate", shawara da "highly recommend" ko "strongly recommend".

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1970 masanin nahawu Sidney Greenbaum ya buga littafi sukutum a kan wannan batu, mai suna Verb-Intensifier Collocations in English. Hanyar da ya bi mai sauƙi ce: ya riƙa ba masu Turanci farkon jimla yana neman su ƙarasa. Da aka ba su "I badly", akasarinsu "need" ko "want" suka kawo, da aka ba su "I entirely" kuma, "agree" ta rinjaya. Babu wata doka da suka haddace, sabo da jin harshen ne ya haɗa kalmomin. Daga baya, a 1985, shi da Randolph Quirk da Geoffrey Leech da Jan Svartvik suka fitar da babban kundin nahawun Turanci, inda suka rarraba kalmomin ƙarfafawa: masu kai magana ƙarshen ma'auni kamar "completely", masu ɗaga ta sama kamar "greatly", da masu rage mata ƙarfi kamar "hardly" da "slightly".

Abin da ya kamata malamanmu su riƙe shi ne, ɗan Bahaushe ba baƙo ba ne ga tsarin haɗa kowace kalma da abokiyar tafiyarta, ya ma iya shi tun kafin ya shiga aji. Muna da amsa-kama, kuma kowace da nata gurbin. Randa ta cika maƙil, riga ta jiƙe sharkaf, daji ya ƙone ƙurmus, mota ta tsaya cak. Babu yaron da zai ce riga ta jiƙe ƙurmus, ko daji ya ƙone sharkaf, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa ƙa'ida. Yadda ƙurmus ta rataya ga ƙonewa, haka "badly" ta rataya ga "need". Malamin da ya fara darasi daga nan ya cire wa yaro tsoro, domin ya nuna masa cewa abin da ake nema a wurinsa abu ne da yake yi kullum a harshen uwarsa.

Wani zai ce ai Nijeriya tana da nata Turancin, kuma gaskiya ne. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya rubuta Nigerian English Usage a 1991, kuma a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, har da Kannywood. Babu abin kunya a yadda muke magana a tsakaninmu. Sai dai mai gyaran takardar jarrabawa da mai tantance masu neman aiki daidaitaccen Turanci suke aunawa da shi, kuma zalunci ne a tura yaro gabansu ba tare da an nuna masa bambancin ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. A daina ba yara jerin kalmomi ɗaiɗai su haddace, a riƙa ba su aikatau tare da abokinsa cikin cikakkiyar jimla. Kowane ɗalibi ya ware shafi a littafinsa, duk lokacin da ya ci karo da irin wannan haɗi a jarida ko labaran rediyo ya rubuta shi yadda ya same shi. Malami yana iya yin gwajin Greenbaum a allo: ya rubuta rabin jimla, yara su ƙarasa, a tattauna dalilin da ya sa wata ta zauna wata ta ƙi. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da sashen koyar da malanta na jami'a, inda malaman makarantun Wamakko da yawa ke fitowa, su ne ya kamata su fara horar da ɗalibansu kwatanta nahawun Hausa da na Turanci. Yaron da ya ga inda harsunan biyu suka haɗu da inda suka rabu zai rubuta Turanci mai tsabta, kuma zai ƙara ganin girman Hausarsa.