Kyamara a Tsakar Gida: Wa Ya Ba Da Izini?

A 1971 masu ɗaukar fim suka tare a gidan wani magidanci, Bill Loud, a garin Santa Barbara na Amurka, suka yi wata bakwai suna naɗar rayuwar iyalinsa. Abin da suka tara ya kai kimanin awa 300, aka tsame kashi 12, tashar PBS ta nuna a 1973 da sunan An American Family. Miliyoyin mutane suka zuba ido uwargida Pat tana ce wa mijinta ya bar mata gidan. Daga baya iyalin suka yi ta ƙorafin cewa an tsinto ranakun rigimarsu an bar na zaman lafiya. Sun sa hannu a takarda, gaskiya ne, amma almakashin yanka hotunan yana hannun wani.

A Najeriya misalin da aka fi sani shi ne shirin Brekete Family na Ahmed Isah a Abuja, inda talakawa ke kai kukansu kai tsaye a rediyo da intanet. Da yawa sun sami haƙƙinsu ta wannan hanya, ba mai musun haka. Sai dai a Mayun 2021 wani binciken BBC ya nuna shi yana marin wata mata da ake zargi da ƙona kan wata yarinya. Ya nemi afuwa, hukumar NBC mai kula da kafofin yaɗa labarai ta dakatar da lasisin tasharsa na kwana 30. Mari aka yi ta cece-kuce a kai. Ba a cika tambayar yadda yarinyar za ta girma da labarinta a hannun duniya ba.

Garuruwa irin su Gwandu da Kalgo ba sa bukatar wata babbar tasha ta zo daga Abuja, wayar hannu ta wadatar. Ko'ina a Arewa an saba ganin bidiyon neman taimako a Facebook da TikTok: ga marayu a jere, ga bazawara tana share hawaye, ga mara lafiya an yaye masa riga don a nuna ciwon, sai lambar asusun banki a ƙasa. Niyyar mai ɗauka takan kasance mai kyau, kuɗin ma sukan zo. Amma wanda yunwa ko rashin kuɗin magani ya tsare, "na yarda" ɗinsa ba ta da nauyin da ake ba ta, don bai ga wata ƙofa ba.

A Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, baƙo namiji iyakarsa zaure, kuma ko ɗan'uwa sai ya yi sallama an amsa kafin ya shiga. Kyamara kuwa takan wuce zauren da yardar maigida kaɗai, ta leƙa madafi da ɗakin amarya. Shin an tambayi uwargida? An tambayi budurwar da maneminta zai ga bidiyon gobe? Yaro ɗan shekara 6 da aka nuna yana kuka a kan tuwo ba shi da bakin ƙi, kuma abokan makarantarsa za su iya tono hoton bayan ya yi gemu. A garin da kowa ya san kakan kowa, tonon asiri guda yakan bi zuri'a har wurin neman aure.

Wasu ƙasashe sun fara gyara, galibi bayan ɓarna ta auku. A 2019 tashar ITV ta Ingila ta soke shirin Jeremy Kyle, mai tara iyalai suna tonon silili, bayan wani baƙon shirin ya mutu kwanaki kaɗan da ɗaukarsa. Hukumar Ofcom mai kula da tashoshin ƙasar ta tsaurara ƙa'idar kula da mahalarta a 2021. Faransa ta yi doka a 2020 da ta tilasta ajiye wa yaran da ake nunawa a intanet wani kaso na kuɗin, ta kuma ba su damar neman a goge bidiyonsu.

Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta bukaci yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, ta kuma ba mutum ikon janye izininsa. Matsalar ita ce da zarar bidiyo ya shiga WhatsApp a Kalgo, kafin la'asar ya kai Jega da Sakkwato, kuma babu ofishin da zai bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana gogewa.