Mota mai shan ruwa: a nemi inda yake zuba

Garuruwa da yawa na karkara mota guda suke da ita. Tsohuwar Peugeot 404 ce ko 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kira bashe, ko kuwa Toyota Hilux. Ita ke kai hatsi da awaki kasuwa. Ita ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa gidan likita cikin dare. An fara ƙera 404 a shekara ta 1960, 504 kuma a 1968. Duk wadda ta rage bisa hanya ta tsufa. Tsohuwar mota kuwa ba ta rasa zubar ruwa.

Kowa ya san direban da ba ya tashi sai da jarka biyu na ruwa. Kowane zango sai ya tsaya ya ƙara. In an tambaye shi, ya ce motar ce mai shan ruwa. Mota ba jaki ba ce, ba ta shan ruwa. In ruwa yana raguwa kullum, akwai ƙofar da yake hita.

Ga yadda abin yake. Inji yana ƙona mai, shi ya sa yake zahi. Ruwa yana zagaya cikinsa, yana ɗauke zahin. Daga nan ya bi tiyo na roba zuwa radiyater, wanda wasu ke cewa lagireto. Can iska da fanka suke sanyaya shi, famfon ruwa kuma ya sake tura shi cikin inji. Ruwan tukunya yana tafasa a awo 100. Amma murhin radiyater yana danne ruwan mota, har ya kai wajen awo 120 bai tafasa ba. Da an samu huda ko ƙarama ce, dannewar ta lalace. Ruwa ya ragu, sauran kuma ya tafasa da wuri. Abin ya hi muni da bazara, watan Afrilu da Mayu, in mota ta yi lodi tana fama da rairayi.

Neman huda aikin sahe ne, lokacin da inji yake da sanyi. Tun da dare a aje motar wuri busasshe, a shimhiɗa kwali ƙarƙashin inji. Da sahe a duba inda kwalin ya jiƙe, sannan a ɗaga kai a dubi abin da ke bisa wurin. Ruwa yana barin shaida. Inda ya daɗe yana tsattsafowa, ana ganin fari-fari kamar kanwa, ko jan tsatsa.

A fara da tiyo, don shi ya hi ɓaci, shi ne kuma mai arha. A matsa shi da hannu. In ya yi tauri kamar ƙirgi, ko ya yi laushi, ko ya kumbura, ko ya tsattsage, kwanansa ya ƙare. A duba zoben ƙarhe da ke ɗaure bakinsa, wanda makanikai ke kira kolye. Sau da yawa shi ne ya saki, ƙara masa ɗauri kawai ya isa. Sai murhin radiyater. Akwai roba a cikinsa. In ta tsage, ruwa yana hita ta sama, mutum yana ta nemansa a ƙasa. Radiyater kansa tsatsa tana cinsa, tsakuwa tana huda shi, girgizar hanya tana buɗe dalmarsa. Famfon ruwa yana da ɗan rami a ƙasansa. In ruwa yana ɗiga ta nan, ko famfon yana kuka, sai a sake shi.

In ba a ga kome ba, a cika ruwa, a ruhe, a tada inji har ya yi zahi, a sake dubawa. Wata huda ba ta buɗewa sai ruwa ya yi zahi. Amma a janye hannu da hannun riga daga fanka.

Akwai zubar da ba a gani a ƙasa, ita ce babba. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani faifai da ke raba ruwa da mai da wuta. Makanikai suna ce masa jwan-kilas. In ya ƙone, ruwa yana shiga cikin inji. Farin hayaƙi mai yawa yana hita ta baya, ko bayan inji ya yi zahi. In an zaro sandar awon mai, a ga man ya zama kamar an dama shi da nono. Ruwan radiyater kuma yana kumfa ba tsayawa. Wannan ba gyaran gindin itace ba ne. A kashe motar, a nemi makanike. Abin da ke ƙona faifan nan, yawanci, tahiya ce da inji ba ruwa. Watau tiyon da aka ƙi sakewa shi ke jawo buɗe inji, da kuɗi masu yawa, da kasuwa uku ko huɗu gari ba mota.

To, in abin ya faru a daji fa? Allurar zahi ta hau ja, ko tururi ya taso. Direba ya tsaya nan take ya kashe inji. Kada kowa ya taɓa murhin radiyater. Ruwan da ke ciki ya hi na tukunya zahi, yana tsalle ya ƙona huska da ƙirji. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan gaggawa. A jira rabin awa ko hiye. Sannan a sa tsumma mai kauri, a juya murhin kaɗan, a bar iska ta hita tukuna. Kada a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zahi, kan inji yana iya tsagewa. In ya huce, a tada shi, a zuba sannu sannu.

In tiyo ya tsage kusa da baki, a yanke wurin, a tura sauran, a ɗaure. In a tsakiya ne, a shanya shi, a naɗe da robar cikin taya, a ƙulle da waya. In ɗan bututu guda ne ya huje jikin radiyater, a matse shi da awartaki. Bayan haka kada a ƙulle murhin tam, don kada ruwa ya tura gyaran. A yi tahiya sannu, ana duba allura. Wannan gyara na kai mota gari ne kawai. Can za a sayi sabon tiyo, ko mai dalma ya like radiyater.

Wasu suna zuba garin taba, ko barkono, ko ƙwai cikin radiyater. Gaskiya ne yakan toshe ƙaramar huda na ɗan lokaci. Amma ba ya zaɓe. Yana toshe har bututun da ke lahiya, mota ta koma zahi ba tare da ta zubar da ko ɗigo ba.

Ruwan da ake zubawa ma abin lura ne. Ruwan tabki mai laka da ruwan rijiya mai kanwa suna barin dattin da ke cushe radiyater, suna cin ƙarhe. Ruwan sama da aka tace ya hi su. Wanda ya hi duka shi ne ruwan mota na kanti, kore ko ja-ja, don yana hana tsatsa. Sai dai guba ne, kuma yana da zaƙi-zaƙi. Kaɗan yana iya kashe yaro, ko kare, ko akuya. In an juye tsohonsa, kada a bar shi cikin kwano a tsakar gida, kada kuma a zuba shi kusa da rijiya. Jarkar da ya zauna ciki ba ta komawa ta ruwan sha.