Tsadar Man Fetur: Har Wanda Ba Shi da Keke Yana Biya

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa.

Wani ɗalibi zai ce, "Gidanmu babu mota, ina ruwanmu?" To, ku bi buhun gero ɗaya ku gani. Manomi a Ajingi zai biya ɗan acaɓa ya fito da shi daga gona. Direban da zai ɗauke shi daga Gaya, ya bi ta Wudil zuwa Kano, shi ma ya ƙara kuɗin mota. Mai injin niƙa ya ƙara nasa. Kowa ya ɗora abin da ya kashe a kan na gaba, har nauyin ya sauka a kan kwanon da uwar gida za ta auna.

Haka abin yake ga mai noman rani da injin ban-ruwa, da mai cajin waya da janareto. Riba ta ragu, wasu sun rage aiki. Wannan shi ake kira hauhawar farashi, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024.

Don haka, 'yan uwa ɗalibai, idan kuɗin tara ya ragu, mu yi wa iyayenmu uzuri. Mu kuma kula da littattafanmu da kayan makaranta, domin sayen sabo yanzu ba wasa ba ne.